Kuɗin ɗauka daban, kuɗin wanki daban

 

Duk wadda ta taɓa aurar da ɗiya ko ta yi zanen suna ta san yadda ake zama a yi lissafin buki. Buhun shinkafa an san kuɗinsa, jarkar mai an san kuɗinta, hayar kujeru da rumfa an sani, har goron gayya ana iya ƙirga shi tun kafin a raba. Abu ɗaya ne yake shiga lissafi ba lamba a gabansa, shi ne hoto. Sai a ce "mai hoto kuma ma gani", a wuce. Bayan buki da kwana uku, tukwanen aro sun koma ga masu su, lalita ta bushe, sai ga mai hoto a ƙofar gida da ambulan cike. Uwar amarya ta buɗe, ta ga ɗiyarta ta yi kyau, ta ga dangin da suka zo daga nesa, ba ta iya cewa a mayar. Ranar zubi mai zuwa sai ta ɗaga hannu tana neman bashi.

Mu da muke riƙe da kaye mun ga wannan ya maimaitu har ya zama abin magana. Tun 1991 da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, abin da ya riƙe asusu shi ne kowace dala an san inda ta fito da inda za ta. Shi ya sa muka ga bai dace a bar kuɗin hoto a cikin duhu ba. Muka aika aka kira mana wani yaro mai hoto na unguwarmu, wanda ya tashi a gabanmu, muka ce ya zo ranar taro bayan an rufe akwati ya warware mana yadda suke yanka kuɗi. Ya zo da kamararsa a wuya, ya durƙusa ya gaishe mu, aka ba shi kujera ya ce tabarma ta ishe shi.

Babbarmu ce ta fara. Ta ce: "Kai ɗan nan, latsa abu kake yi sau ɗaya, ƙyas! Mine ne na jika goma a ciki?"

Ya yi dariya ya ce: "Inna, latsawar kyauta ce. Abin da ke gabanta da abin da ke bayanta, shi kuke biya."

Daga nan ya raba mana kuɗin gida biyu, kuma wannan rabon shi ne abin da muke so kowace mace ta riƙe.

Na farko shi ne kuɗin ɗauka, wasu suna cewa kuɗin zama ko kuɗin zuwa. Wannan ladan mutum ne da kayan aikinsa, ko an wanke hoto ko ba a wanke ba. A cikinsa akwai man babur zuwa da komawa. Akwai yinin da ya ba ki, domin in ya amsa bukinki ranar Asabar ba ya iya sayar da wannan Asabar ɗin ga wata, kuma kun san bukukuwa rana ɗaya suke haɗuwa. Akwai kamara, wadda da yawansu da bashi suka saye ta, kuma tana tsufa da yawan ɗauka kamar yadda keken ɗinki yake tsufa da yawan taka shi. Akwai batir da fitila. Mai shago yana da haya da wuta da harajin sana'a, in an ɗauke wuta kuma ya tada inji da mansa. Sannan akwai aikin da ba mu gani: bayan kowa ya watse, yana zama gaban kwamfuta ya zubar da hotunan da aka rufe ido ko aka motsa, ya gyara hasken sauran ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mana bukin awa huɗu yana iya cin masa dare guda a wannan zaman.

Na biyu shi ne kuɗin wanki, wato fitar da hoto a takarda. Yawancin masu hoto ba su da injin wanki babba, kai wa suke yi wurin da suke kira labo, su biya kowane hoto, su ɗora ribarsu. Na ƙauye sai ya shiga mota zuwa birni, wannan kuɗin motar ma a kan hotunan yake sauka. Girman hoto da santimita ake auna shi. Ƙaramin da muka saba sawa a albam shi ne 10 a 15. Sai 13 a 18, sai 20 a 30, sai na bango irin 30 a 45. A nan akwai abin lura. In aka ce 20 a 30, kunne yana jin kamar ninki biyu ne na 10 a 15, amma takardar da ya ci ninki 4 ce, domin tsawo ya ninka, faɗi ma ya ninka. Shi kuwa 30 a 45 ninki 9 ne. Ga katako da gilashin da za a sa shi ciki. To in kika ji kuɗin babban hoto ya yi tsalle, ki fara yin wannan lissafin kafin ki ce an cuce ki, kuma in ya wuce lissafin da nisa kina da bakin tambaya.

Waɗannan kuɗi biyu kowane mai hoto sai ya same su, in ba haka ba ya rufe shago. Bambancin kawai wajen yadda yake karɓarsu ne, kuma hanya uku muka gano.

Hanya ta farko ita ce wadda ba a karɓar kuɗin ɗauka ko kaɗan. Mai hoto ya zo buki, wani lokaci ma ba a gayyace shi ba, ya yi ta ɗauka, ya je ya wanke, ya dawo yana sayar da kowane hoto ɗai-ɗai. Tsohuwar hanya ce. Malick Sidibé na Bamako, wanda sunansa ya zagaya duniya har aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venis na Italiya a 2007, haka ya yi aiki a shekarun 1960: ya bi wuraren rawar samari da ƴan mata da dare, ya wanke, ya manna hotunan a takarda da lamba a jikin kowanne, masu so su zo su zaɓa su biya. Daɗin wannan hanya shi ne ba ki fitar da komi tun farko. Sai dai kuɗin ɗaukar bai tafi ko'ina ba, yana ɓoye cikin kuɗin kowane hoto, haɗe da hasarar hotunan da aka wanke masu su suka ƙi karɓa. Kuma hotunan baƙin da suka koma garinsu, ƙofar uwar buki ake kawowa.

Hanya ta biyu ita ce a biya kuɗin ɗauka daban, sannan kowane hoto a wanke shi da sauƙi. Hanya ta uku ita ce dunƙule: ya ce ki ba da kaza, ya yi miki yini guda, hoto kaza, babba ɗaya, da albam.

Wace ta fi sauƙi? Amsar tana ga yawan hoton da kike so, kuma ga misali da za ku iya maimaitawa da farashin garinku, tunda na Yamai ba ɗaya yake da na Tasawa ko Madawa ba. Mu ce mai hoto na farko ba ya karɓar kuɗin ɗauka, amma kowane hoto dala 100 ne. Na biyu yana karɓar jika 10 na ɗauka, kowane hoto kuma dala 60. In hoto 20 kike so, na farko jika 10 zai ci, na biyu jika 16. In hoto 60 ne, na farko ya zama jika 30, na biyu jika 28. A hoto 50 suke haɗuwa, kowanne jika 25. Ke nan mai ƙaramin suna da take son hoto kaɗan, na farko ya fi mata. Mai babban buki da dangi da yawa, na biyu ya fi mata, kuma shi ne yake ba ta damar ta zauna ta zaɓa a kan allon kamara ko kwamfuta kafin a wanke ko ɗaya.

Dunƙule kuwa daɗinsa an san ƙarshen kuɗi tun farko, kuma mu ƴan asusu muna son abin da aka san ƙarshensa. Inda ake yin tuntuɓe shi ne ƙari. An ce hoto 40, shi kuma ya ɗauki 150, ya nuna miki duka, kowanne ya fi wani kyau. To na 41 nawa ne? In ba a faɗa tun farko ba, a nan ne zai mayar da rangwamen da ya yi miki. Haka in buki ya zarce lokacin da aka yi magana, ko aka ce ya bi amarya har gidan miji da dare. A tambayi kuɗin ƙari tun ana dariya.

Yanzu kuma zamani ya kawo na huɗu, wato hoton da ake turawa a salula. Da yawa cikinmu suna cewa: "To ka turo mini ta WhatsApp mana, ai ba takarda ka kashe ba." Yaron nan ya ce mana: "Iyayena, ranar da na tura muku shi, ranar na rabu da shi. Wa za ya dawo wurina wanki?" Gaskiyarsa. Mai hoton da ribarsa take cikin wanki, in ya ba da hoto a salula kyauta ya ba da ribar duka. Shi ya sa wasu suke yanka wa kowane hoton salula kuɗi, wasu su ƙara kuɗin ɗauka su ba ki duka a katin memori. In kin san a salula kawai kike so, ki faɗa tun farko, a yi cinikin a kan haka.

Abu biyu muka ƙaru da su a nan. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba turawa, ana matse shi ya rage nauyi. A fuskar salula yana da kyau, amma ranar da kika so a fitar da shi babba sai ya fito dishi-dishi. In kin biya, ki ce a sa miki na asali a katin memori, ko a turo shi a matsayin takarda yadda ba za a matse shi ba. Yaran gida sun san yadda ake yi. Na biyu, salula tana faɗawa ruwa, ana sace ta, kati yana lalacewa. Mata nawa muka sani da hoton mahaifiyarsu ya tafi tare da wayar da ta ɓace? Hoton iyayenmu da aka wanke shekara 40 da suka wuce har yau yana cikin akwati. Ko da kuɗi ya yi kaɗan, a zaɓi 5 ko 10 mafi daraja a wanke, a ajiye inda rana da damshi ba su kai.

Akwai kuma kuɗin gyara. Wasu masu hoto suna da farashi daban na hoton da aka zauna aka goge wa fuska, aka canja bango, aka sa furanni. In ba ki so, ki ce ba ki so, kuɗin ya ragu. Mun ga hotunan amare da aka haskaka fata har kakar yarinya ta riƙe tana tambayar ɗiyar wa ce wannan. A biya kuɗi a karɓo fuskar da ba ta ɗiyarki ba, wannan ciniki bai yi ba. Mu dai muna cewa a gyara haske, a bar mana launin da Allah ya ba mu.

Hoton takardu shi ne wanda ba mu da zaɓi a kansa. Katin ɗan ƙasa, buɗe ajiya a gidan bashi, takardun jarrabawar yara, duka sai da ƙaramin hoto. Wanda aka fi nema shi ne mai santimita 3 da rabi a 4 da rabi, kuma takarda ɗaya ta 10 a 15 tana ɗaukar guda 8. Ke nan wanda ya fitar miki da 4 da wanda ya fitar da 8, takarda ɗaya suka kashe, don haka ki tambayi kuɗin 8 kafin ki amsa 4. A nan ƙungiya take nuna amfaninta. Mace 30 in kowace ta shiga mota ta je birni don hoto, kuɗin motar ya fi na hoton. In aka kira shi ranar taro ya rataya farin ƙyalle a bango ya ɗauke mu gaba ɗaya, zuwa ɗaya ya yi, man babur ɗaya ya ƙona, kuma yana da dalilin ragewa. Haka muke yi a ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, lokacin da kowa ta sha anko: hoton ƙungiya babba ɗaya daga kuɗin tara, ƙanana kuma mai so ta biya nata.

Sai magana mai nauyi, wadda ta wuce kuɗi. In an ɗauke ki kin biya, hoton na wa ne? Takardar da ke hannunki taki ce, amma asalin yana wurinsa. A zamanin fim ma haka abin yake. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, ya adana baƙin fim na dubban mutanen da ya ɗauka. A shekarun 1990 aka fitar da hotunan manya-manya, aka rataye su a Faransa da Amurka, aka saye su da kuɗi masu yawa, alhali matan da ke ciki sun zauna ne don hoton da za su ajiye a ɗaki ko su aika wa dangi. Yau ba sai an jira shekara 40 ba. Da yamma a ɗauki amarya, da dare tana Facebook ana tallar shago da ita, ko a manna ta a allon bakin titi. Mun san gidan da irin wannan ya haddasa rigima tsakanin miji da mata, har sai da manya suka shiga. Don haka cikin ciniki a faɗa da baki, gaban shaida: hotonmu ba na talla ba ne. In kuma ya roƙa kin yarda, maigida ya yarda, to ki sani abu mai daraja kika ba shi, ya kamata ya fito a ragin kuɗi.

Kafin alƙalami hakkinsa ne, domin da shi yake riƙe miki ranar ya sallami wasu. Amma kada a biya duka kafin a ga aiki, ba a cinikin biri a sama. Mu abin da muka tsayar shi ne rabi kafin buki, rabi ranar da hotuna suka shigo hannu aka ƙirga. A rubuta a kaye: kuɗin ɗauka, yawan hoto, girmansu, kuɗin ƙari, ranar kawowa, ya sa hannu, mace biyu su shaida. Wadda ba ta yi karatun yaƙi da jahilci ba tukuna ta zo da sakatariyar ƙungiya, aikinta ne. Kuma a kula da bakin da ake faɗin kuɗi. Yaran yanzu suna lissafi da sefa, mu muna yi da dala. In ya ce "ɗari biyar", ki tambaye shi: sefa 500, wato dala 100, ko dala 500, wato jika 2 da rabi? Tsakanin biyun ninki 5 ne, kuma mun ga an yi baran-baran a kan wannan kalma ɗaya. A rubuta lambar, a sa F a gabanta, magana ta ƙare.

Game da bashin asusu, ga abin da muka tattauna. A ƙungiyarmu ribar bashi kashi 10 cikin 100 ce a wata. Wadda ta ɗauki jika 30 ta biya mai hoto, ta riƙe wata 3, ta ƙara jika 9 a kai. Wannan jika 30 da gyaɗa aka saya aka yi ƙuli-ƙuli da mai, da ita za ta biya kanta. Hoto ba ya haihuwa. Ba mu hana kowa ba, domin aurar da ɗiya ba kullum ake yi ba, kuma akwai fuskokin da in ba a ɗauka ranar ba ba za a ƙara haɗa su wuri ɗaya ba. Abin da muka ce shi ne a sa hoto cikin lissafin buki tun wata 3 kafin rana, da lambarsa a gabansa kamar shinkafa, a riƙa ware masa kaɗan-kaɗan, yadda ba sai an taɓa akwati ba.

Shi ma mai hoton yana da nasa kukan, kuma adalci ne mu faɗa. Ya nuna mana jaka guda cike da hotunan da aka sa shi ya wanke aka ƙi zuwa karɓa, wasu sun shekara. Kuɗinsa ne a kwance. Yawancin masu wannan sana'a ɗiyanmu ne da suka ƙi zaman banza, wasu da ita suke ciyar da iyaye. In mun ce a ɗauka, mu karɓa. In mun yi alkawarin rana, mu cika, tunda mu ma ba mu jin daɗin mai cin bashin ƙosai ya canja hanya.

Bayan ya tafi mun daɗe muna magana, domin rabon nan da ya yi ya taɓa sana'o'inmu. Mai ɗinki a cikinmu ta ce ita kuɗin zare da maɓalli da shafi take lissafawa ta ɗora ɗan abu, ba ta taɓa sa yinin da ta yi a kan keke ba, balle tsufan keken. Mai lalle ta ce tana zuwa gidan amarya tun safe har la'asar, ta biya kabu-kabu da kuɗinta, a ba ta kuɗin hannu da ƙafa kamar wadda aka samu a gida. Yanzu ta raba: kuɗin zuwa daban, kuɗin kowace mace daban. Wasu sun yi ƙorafi a farko, amma ba ta rasa masu kira ba, kuma zubinta bai ƙara makara ba. Mai dafa abincin buki ita ma ta ɗauka. Kowace mai sana'a ta zauna ta tambayi kanta: cikin kuɗin da nake karɓa, ina na kaya, ina na lokacina, ina na kayan aikin da wata rana sai na sake?

Ga tambayoyin da muka rubuta a bangon kayenmu, duk mai buki ta kwafa ta tafi da su wurin mai hoto. Akwai kuɗin ɗauka ko babu, kuma awa nawa ya ƙunsa? Hoto nawa, wane girma? Na ƙari nawa ne? Ni zan zaɓa kafin a wanke? Hotunan baƙi wa zai biya? Na salula yana ciki ko daban ne? Yaushe za a kawo? Za a sa hotonmu a talla?

Muna roƙon kowace ƙungiya ta ware minti kaɗan a taro mai zuwa, a karanta wannan da ƙarfi saboda waɗanda ba su karatu, a kuma tambayi farashin masu hoto biyu ko uku na garinku a rubuta a kaye, yadda duk wadda buki ya taso mata za ta tarar da shi. In akwai dubarar da kuka gano wadda ba mu ambata ba, ku aiko wa wannan jarida tamu mu ma mu ƙaru.

Allah ya sa albarka a asusunmu, ya raya mana zuri'a, ya nuna mana bukinsu muna da lafiya da rufin asiri. Amin.